Ilu da danƙonsa a wajen kallon tsuntsaye

Jama'a, yau Ilu ya kusa sa a soke mini iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar nan!

Kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, ya ce in kai shi kwarin kudu da Riyad, zai ɗauki hoton tsuntsayen da ke wucewa kafin sanyi ya ƙare. Na tafi da Ilu, abokin ɗakina ɗan Maraɗi, ya taya ni ɗaukar kaya.

Tun asuba muke laɓe. Da ƙyar wani tsuntsu ya sauka, sai tsalle-tsalle yake, kafili yana ta tsaki.

Sai ji na yi fat, tsuntsu ya faɗo! Ashe da danƙo a aljihun Ilu! A wurin da aka hana farauta fa!

Kafili ya dafe kai: "Haram alaik!"

Ilu ya ɗauko tsuntsun, ya miƙa wa kafili hannu biyu, ya ce mini: "Malam Bala, gaya masa yanzu ya daina motsi, ya ɗauka a tsanake."