Firizar Ikrama

Issoufou mutumin Maraɗi ne. Fasinja yake ɗauka daga filin jirgin Dulles, gidansa kuma a Sterling, a Amurka. Gidan ba wani babba ba ne, amma yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma da wuya ka samu ɗan Nijar a unguwar da bai taɓa kwana ko ajiye akwati a cikinsa ba. Issoufou bai iya cewa a'a ba. Ikrama, wanda suka taso lungu ɗaya, ya fi shekara a wannan ɗakin kafin ya kama nasa wurin.

Bayan babbar Sallah Ikrama ya bugo waya, ya ce yana da firiza cike da naman layya, gidansa babu fili, yana so ya ajiye ta a ɗakin ƙasan. Issoufou yana kan hanya, ya ce ya je, matarsa Safiatou za ta buɗe masa.

Ba a daɗe ba aka sheƙa ruwa wuni guda. Da la'asar Safiatou ta kira Issoufou ta ce ruwa ya kai ƙwauri a ɗakin ƙasa. Injin da ke zuƙe ruwa daga ramin kusurwar ɗakin bai ko motsa ba. Issoufou ya naɗe wando ya fara da akwatunan mutane, domin amana ne. Kafin ya kai ga nasa, kwalin rigunan marigayi mahaifinsa ya jiƙe sharkaf.

Maƙwabciyarsu Debbie ta ara musu fankoki da injin tsotse danshi, ta ce in wurin bai bushe da wuri ba funfuna za ta kama bango. Issoufou ya bi mutane da waya. Sun zo, kowa ya jajanta, ya ɗauki akwatinsa ya wuce. Ikrama ne ya fara zuwa. Ya sauka da wani abokin aikinsa, suka fito da firizar, ya ce bayansa na ciwo, ba zai iya kwasar ruwa ba.

Issoufou da Safiatou suka kwashe ruwan da bokiti. Ya yaye kafet, ya yanke allon bango har gwiwa, ya wanke da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Duk da haka baƙin ɗigo ya fito a bayan matakala, Safiatou ta soma tari. A masallaci kuma ya ji ana cewa sakacinsa ne, wai Ikrama ya daɗe yana gaya masa injin ya lalace.

Da mai gyara ya zo, wani Bartholomew, ya durƙusa ya jawo wayar injin daga bayan bututu, ya soka ta a bango. Injin ya tashi nan take.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Cire shi aka yi. Me kuka jona a nan?"

Safiatou ta dubi mijinta. A nan aka jona firizar Ikrama.

Ranar Juma'a Issoufou ya tare Ikrama a wurin ajiye motoci na masallaci.

"Kai ka cire wayar injin?"

"Yaya, ban san ta mece ce ba."

"Shekara ka yi kana kwana da ƙararsa. To, ranar da ka zo ɗaukar firiza fa? Ba ka gani ba?"

Ikrama ya sunkuyar da kai. "Na gani. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Da ka mayar da ita ranar, da ruwan ya janye kafin ya ci bango. Kunyar ce kuma ta sa ka ce sakacina ne?"



Safiatou ta so a faɗa wa kowa gaskiya, Issoufou ya hana. Har yanzu akwai masu ɗora masa laifin. In sun haɗu da Ikrama, Issoufou yakan miƙa masa hannu, amma ba ya tambayar gida. Rigunan mahaifinsa an wanke su an shanya sau da yawa, warin ya ƙi fita. Daga ƙarshe ya ɗaure su a leda, ya kai su juji da kansa, a kan hanyarsa ta zuwa aiki.