Ranar da Inna Ta Tashi Yanka Barewar Ingila

A haraj na tsince ta, kasuwar gwanjo, cikin tarkacen wani otal da aka rushe a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki. Barewa ce, an zana ta da fentin mai a kan ƙyalle, tana tsaye bisa dutse, hazo a bayanta. Ƙahonta kuwa reshe-reshe, sai ka shanya wankin gidanmu kaf a kai, wuri ya rage. Mai kayan ya ce aikin Turawan Ingila ne, masu bin gashin dabba ɗaya-ɗaya da buroshi. Na yarda, don hancinta na gani a jiƙe har na kai yatsa na taɓa.

Taksi uku suka ƙi mu. Na huɗu ya kai mu unguwarmu Hindawiyya, rabin barewa na leƙe ta taga. Na rataye ta a falo, ina ja da baya ina tafi ni kaɗai, ina shirin kiran maƙwabta su zo su gani, sai ga mahaifiyata.

"Kai, mene ne wannan?"

"Barewar Ingila ce, Inna! Dubi gashi!"

"Mai rai a bangona? Mala'iku ta ina za su shigo? Miƙo wuƙa."

Haka ake yi a gidanmu. Duk hoton mai rai, ko saniyar gwangwanin madara ce, sai Inna ta karce mata wuya, an yanka ke nan. To amma wuƙa a kan ƙyalle, ai shi ke nan, zane ya tashi aiki.

"Inna, ki yi wa Allah. Bature ya shekara goma a kan wuyan nan kaɗai."

"Shi ya jiyo. Yalla, wuƙa."

Na miƙa mata. Ta matsa dab da zanen, ta gyara tabarau, ta ɗaga hannu. Sai hannun ya tsaya.

"Idon nan," ta ce. "Muna yara, a hanyar Chadi, da ƙafa muke tahowa, wata ta kalle ni haka a bakin tafki. Sai dai ita ba ta ɗauko itace a ka ba."

Ta daɗe tana kallo. Can ta ce in ɗauko mata tandun kwallinta. Ta yi bisimilla, ta ja layi siriri a wuyan, hannu a hankali kamar mai yi wa jaririya kwalliya.

"An yanka," ta ce. "Je ka kira maƙwabtan naka."

Ko takalmi ban tsaya nema ba.