Yarinyar da Ba Ta Zama

Sunana na yanka Mariyama, amma a Salaga Ajuji ake ce mini. 'Ya'ya uku mahaifiyata ta binne kafin ni, duk mata, babu wadda ta kai yaye. Ta ukun, kafin a kai ta makwanci, wata tsohuwa ta ɗauki reza ta tsaga mata kunnen hagu, wai don in ta dawo a gane ta. Ni kuwa da aka haife ni sai ga 'yar tsaga a kunnena na hagu. Tana nan har yau, mai shakka ya zo ya duba. Aka ce ai ita ce, mai zuwa tana komawa. Aka kai ni kan juji aka ajiye kamar ba a so na, sannan kakata ta je ta ɗauko ni.

Kaka Adisa 'yar Gwanja ce. Ta auri kakana Malam Idi, wanda iyayensa suka zo fataucin goro suka zauna. Da an idar da magariba takan zauna gaban murhu tana turara wasawasa, wannan abincin garin doya da masu dawowa daga kasuwa ke so. Mu jikoki mu baje a tabarma, hayaƙi na sa mu hawaye, babu mai matsawa. Ni kullum a jikinta take zaunar da ni, ta taka gefen zanena da ƙafa ɗaya. A lokacin na ɗauka mugunta ce.

Ina shekara bakwai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Da kunnena na ji maƙwabciyarmu tana cewa, "Dama ba mai zama ba ce, lokacinta ne ya yi." Mahaifiyata ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, ko kallona ba ta iya yi. Kaka ta naɗe ni a mayafinta ta kawo ni bakin wuta.

"Ga ta nan tafe," ta ce, "ku matsa mata ta zauna."

Muka ce ta zo mu ji.

Wai akwai wata kurwa da ke zaune kusa da Ubangiji tun ba a haife ta ba. A can ta taɓa kurɓar wani ruwa sau ɗaya. Da aka aiko ta duniya sai ta faɗo gari mai rijiyoyi da yawa irin namu. Ta ɗanɗana rijiyar farko ta ce ba shi ba ne, ta juya da gudu ta koma. A bakin ƙofa aka ce mata, "Ba a shigowa nan da gudu." Ta sake zuwa, ta ɗanɗana wata rijiyar, ta tofar, ta koma. Sau uku tana haka, kuma duk tafiya sai ta bar wata mata tana kuka.

Daga zaure kakana ya yi gyaran murya. "Adisa, rai sau ɗaya yake zuwa duniya. Daina cika wa yara kai."

"Malam, ni tatsuniya nake yi," in ji Kaka. "Kai riƙe zaurenka, ni in riƙe murhuna."

Ta ci gaba. A zuwa na huɗu, da rani tsaka, yarinyar ta tarar da wata tsohuwa zaune bakin busasshiyar rijiya da 'yar ƙwarya a hannu. Ta ce, "Iya, me kike jira? Ai babu ruwa." Tsohuwa ta ce, "Akwai. Ke ce ba ki da zama." Yarinya ta ji haushi, ta zauna don ta ƙaryata ta. Da farko laka ce ta fito. Can sai ruwa ya fara tsatsowa, ja, mai ɗaci. Ta ci gaba da zama. A bakin rijiyar nan ta girma, ta yi aure, ta haifa, ta binne, ta yi sallolinta, har kanta ya yi fari. Wata rana ta zura ƙwarya ta kurɓa, sai ta ji ruwan nan na can. Wanda take ta gudu tana nema shi ne ya turo mata shi ta ƙarƙashin ƙafarta.

Kaka ta kama kunnena mai tsaga ta ɗan murɗa. "Kin ji ko, Ajuji? Can ɗin ba ya gudu. Uwarki ta gaji da wankan jego babu jariri."

Na ce, "In na zauna za ki ba ni ƙanzon tukunya?"

Ta yi dariya har ta sarƙe. Dariyar ce ta fito da mahaifiyata daga ɗaki. Ta zo ta durƙusa, ta kankaro ƙanzon da hannunta ta sa mini a baki.

Ba na yi wa kowa ƙarya, washegari kakana ya goya ni a keke zuwa asibiti aka yi mini allura. Na tashi. Na yi aure a Yendi, daga baya muka koma Bawku ina sayar da albasa. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya, boko da Islamiyya, ina riƙe fensir kamar muciya. A nan na gane kakana ke da gaskiya: wanda ya tafi ba ya dawowa. Yayyena su uku ne, ni ta huɗu, kowace da ranta. Na hau mota har Salaga na tambayi mahaifiyata sunayensu. Shekara arba'in kowa na haɗa su da ni, babu mai ambatonsu. Ta ce Zainabu, Fati, Salamatu. Su ne abu na farko da na rubuta a littafina ba tare da an sa ni ba.

Amma ranar da wata 'yar malama a ajinmu ta ce tatsuniyar kakata jahilci ce zalla, na miƙe tsaye. Na ce, "'Yata, kin taɓa riƙe yaro yana zamewa daga hannunki? Ita kakata abin da take da shi ta riƙe ni da shi."

Ni ma na yi nawa gudun. Na bi malamai, na bi majalisun zikiri daga wannan gari zuwa wancan, ko'ina in kurɓa in ce ba shi ba ne. Yanzu gwiwa ta hana ni. Tsagar kunnen kuwa ban san amsarta ba, kuma na daina tambaya. In na idar da asuba nakan zauna a kan buzuna da carbi. Yawancin ranaku laka ce kawai. Wata rana kuma sai in ji abu na tsatsowa kaɗan-kaɗan, mai sanyi, in kasa tashi.

Babu mai taka mini zane yanzu, Kaka. Ina zaune.