Man da Inna ba ta ɗanɗana ba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin gwada hanyoyin fitar da mai daga gansakuka, ƙananan nan da ke mai da ruwa kore shar, ido ba ya ganin ƙwayarsu. Daga bakin dam ɗin Karaye nake ɗebo ruwan a jarka, in raine su a kwalabe gefen taga, in tace, in shanya.

Inna, mahaifiyata, man gyaɗa take yi a Rogo tun kafin a haife ni. Da na gaya mata aikina ta yi dariya har da hawaye, wai ashe an kai ni birni ne in koyo sana'arta. A gidanmu duk yarinyar da ta fara matsar mai, uwarta ce ke fara ɗanɗanawa, ta sa albarka. Ta ce tana jiran nawa.

A lokacin, ciwo ya riga ya kama ta, abinci ba ya shiga sai da lallashi.

Na fara da matsa, kamar yadda take matse tunkuza. Na yi ta murɗa injin hannu, garin gansakukar ya ɗan yi danshi, shi ke nan. Na jiƙa, na daka, na sake. Sai da na zuba sinadari mai warin fetur man ya fito, kore mai duhu, rabin 'yar kwalba. Malaminmu ya ce wannan na mota ne, kada ya kusanci bakin kowa.

Na kai mata wata Juma'a. Tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Ta ɗaga kwalbar ga rana, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a kawo mata ɗanwake, ita da ta kwana biyu ba ta nemi komai ba.

Ta buɗe murfin, na riƙe hannunta. "Inna, ba a cin wannan."

"Ko ɗigo, 'yar nan?"

"Ko ɗigo."

Ta mayar da murfin a hankali, ta ce ba komai, in na samo wanda ake ci sai in kawo. Ɗanwaken ya huce a gefenta.

Na koma makaranta na ci gaba da matsa har tafin hannuna ya yi kanta. Ina tsaye gaban injin, sai ƙanin babana ya kira waya. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi karatu, sannan ya ce in yi haƙuri in taho gida.