Na Goge Filashin a Gabansa

Jama'a, yau na rama!

Danjuma na ofishinmu ne ya ɗauki filashina makon jiya ba izini, wai zai mayar da shi na tayar da kwamfuta. Ya share duk abin da ke cikinsa gaba ɗaya, hotunan marigayiya mahaifiyata suka tafi. Da ya dawo mini da shi ina kuka, ya ce, "Haba Hajiya, hotuna ne kawai fa!"

Yau da safe laftof ɗinsa ta ƙi tashi, ga Oga na jiran rahoto. Ya rugo yana gumi: "Don Allah ara mini filashin nan in tayar da ita!"

Na ce, "Zo ka gani." Na soka shi a kwamfutata, na yi masa fomat, na goge komai yana kallo, na miƙa masa fanko!

Yanzu haka Oga na can yana zazzaga masa masifa. Ni shayina nake sha.