Shirun Malam a Gaban Alƙali

Idan manyan alƙalan birni sun san shiru ba amsa laifi ba ne, me ya hana ƙaramin alƙalin da ya ɗaure mijina ya sani? Ba doka ɗaya suka karanta ba? Na tambayi lauya, na tambayi liman, ga ni yau haƙora sun zube ban samu amsa ba. Ni ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a sassauta ko kalma ɗaya.

Muna zaune a ƙauyenmu na Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla, muna da hawasha, wato gonar audugar da ake ba manomi a ƙasar ban-ruwa. Wata safiya aka bugi gafir, mai tsaron ƙofar ruwa, da shebur ta baya, aka karya masa kafaɗa. Bai ga fuska ba. Ya ce dai wani Fallata ne, sunan da Larabawa ke kiranmu da shi duka. Ranar kuwa layin ruwan Malam ne, mijina, don haka shi 'yan sanda suka zo suka kama. Alhali tun asuba yana wani ƙauye wajen jana'iza tare da liman, da hannunsa ya haƙa kabarin.

A wurinmu wanda aka yi ƙararsa ba ya kare kansa. Yakan cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, dattijon da ya rako shi ya yi magana a madadinsa. Mai musu da bakinsa a gaban manya, ko gaskiyarsa ce, an gama da shi a gari. Shi ya sa ranar shari'a liman ya sa rigar Idi muka shiga lori tare. A ƙofar kotu ɗan sanda ya tare shi da sanda.

"Ya Hajj, kai aka kama?"

"Ni zan yi masa magana."

"Lauya ne kai? Je ka zauna a inuwa kada rawanin ya narke."

Ni ta taga na leƙa. Malam ya cire takalmi ya durƙusa. Alƙali ya karanto abu da Larabcin littafi, wanda ba shi muke yi a kasuwa ba, ya yi tambaya. Malam ya waiga ƙofa yana jiran liman. Aka sake tambaya, ya ƙara sunkuyawa. Alƙali ya ce ga shi nan, ya kasa ko ɗaga ido. Shekara uku. Ba a ce masa kana da shaida ba. Shaidar tana waje a gindin bishiya tana jan carbi!

Da na je gidan yari na ce, "Haba Malam, ko 'ban yi ba' ai ka ce."

Ya ce, "In yi cacar baki da alƙali kamar mai cinikin albasa? Ina mutuncin yaranki?"

Na ce mutuncin ga shi nan a bayan ƙarfe. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Tarin nan bai sake barinsa ba.

Ƙanensa ya sayar da saniyarmu ya ɗauki lauya, aka ɗaukaka ƙara. Damina ta wuce, auduga ta yi fure ta fashe, manya suna can suna dubawa. Ni da yara muka riƙe hawasha kada a ƙwace, ina jin matan unguwa suna rage murya idan na zo ɗibar ruwa.

Daga baya lauya ya zo har gida da murnarsa. Ya ce babbar kotu ta rushe hukuncin. Ta ce dole a fahimtar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, dole a tambaye shi shaidunsa, kuma shirun mutum ba hujja ba ce a kansa. Ya ce wannan hukunci zai amfani mutane da yawa nan gaba. Na ce Allah ya amfana su. Mu mun riga mun yi wa Malam sadakar arba'in. Ya tsaya da jakarsa a hannu, ko tabarma ban shimfiɗa masa ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Alƙalin nan an ce ƙarin girma ma ya samu. Ba wanda ya zo ya ce mini an yi kuskure, ku yi haƙuri. Ban yafe ba, a rubuta haka.

Zuwana na ƙarshe gidan yari kafin ya rasu, ana tsakiyar tsinkar auduga, na kai masa ƙuli-ƙuli da garin kuka. Ya rame har rigar fursuna tana yawo a jikinsa. Bai dubi ƙunshin ba, ƙafata ya duba, ta kumbura saboda tafiya. Mai gadi ya buga ƙarfe, lokaci ya yi. Malam ya miƙe yana dafa bango.

"Kada ki sake wahalar da kanki sai an gama tsinka," in ji shi. "Ki ji da gona. Ni ina nan, ina za ni?"