Furen Kuɓewa a Takardar Siminti

'Yan shekaru bayan an sauke tutar Faransa, kawuna ya zo hutun damina ƙauyenmu na wajen Ɗan Kassari daga Dogon Dutsi, inda yake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Tsarabata wani ɗan kwali ne cike da alli kala-kala. Ba irin na allo ba ne. Wannan laushi gare shi, in an goga a takarda sai ya bar gari kamar kwalli. Ya ce wata 'yar mishan ce ta bar masa da za ta koma ƙasarsu, shi kuwa hannunsa bai iya zane ba. Ya haɗa mini da takardun buhun siminti da ya tsinto inda ake ginin sababbin ofisoshi.

A daminar nan ciwon ƙafa ya hana kakata zuwa gayaunarta ta bayan gari. Kullum na dawo daga can sai ta tambaye ni ko kuɓewa ta yi fure. Ran da na tsinko mata ɗaya, kafin in iso gida ya yi yaushi, ta kuma yi mini faɗa wai na rage mata miya. Washegari na ɗauki kwalina tun da sanyin safiya, na je na tsuguna gaban wani da ya buɗe sosai. Rawaya ne mai haske kamar man shanu, cikinsa ja mai duhu. Na yi ta goga allin a takarda ina zana shi, ina murzawa da yatsa har rana ta fara cizo.

Kaka ta karɓi zanen ta daɗe tana kallo. Can sai ta sa babban yatsa ta shafa tsakiyar, jan ya biyo yatsan ya ja layi har kan rawayan. Saura kaɗan in yi kuka. Ita ko ta dubi yatsanta ta yi dariya, ta ce to, yanzu mu biyu muka yi shi. Aka kafe shi da ƙaya a bangon ɗakinta, sama da jeren ƙorai.

Akwai wata Bafulatana, aminiyar kaka tun suna 'yan mata, da ke kawo mana nono daga ruga. Da ta gani ta ce ita ma irinsa take so sak, har da layin. Na koma gayauna na tarar furen ya faɗi, ɗan kuɓewa ya leƙo a gurbinsa. Sai na zauna gaban na bangon ina kwaikwayo. Wani ya yi faɗi, wani ya yi duhu. Na shafa da yatsana, layin ya ƙi fita kamar na kaka. A haka rawayan allina ya ƙare.

Da Bafulatanar ta dawo na gaya mata ya ƙi, kaina a ƙasa. Ta sauke ƙwaryarta ta jawo ni jikinta.

"Ɗiyata, saniyar da na fi so ta sha haihuwa, ba ta taɓa ba ni mai kamarta ba. Mi ya rage miki cikin kwalin?"

Na ce shuɗi da fari da ɗan guntun ja. Kaka ta ce ai furen wake ke nan, kuma gonar babana cike take da shi. Shi na zana wa Bafulatanar. Ta sa shi tsakanin faifai biyu don kada ya goge, ta ɗora bisa ƙwarya ta tafi.

Bayan girbi suka yi kudu da shanu. Da suka dawo farkon damina ta ce mini yaran ruga sun yi ta taɓa shi har kalar ta koma hannuwansu, ko zan yi mata wani? Na ce allin ya ƙare, kawu kuma bai san inda ake samunsa ba. Ta ce ba komi, ta more shi rani guda. Ta zuba mini nono a ludayi, ta tsaya har na shanye.